Dausayin da Aka Mayar Daji a Arewacin Sikotlan: Nazarin Lamari

Wurin da yanayinsa

A can ƙuryar arewacin Sikotlan, inda ƙasar Birtaniya ta ƙare teku ya karɓa, akwai gundumomi biyu, Caithness da Sutherland. A tsakaninsu wani fili ne shimfiɗe mai faɗin kusan hekta 400,000. Babu itace, babu gona, sai gajerar ciyawa da ƙananan tafkuna baƙaƙe birjik iya ganinka. Ana kiransa Flow Country, sunan da ya samo asali daga wata kalma ta tsofaffin mutanen Nowe mai nufin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan nazari ya bi sawun yanki guda ne a tsakiyar filin, wanda aka yi wa huɗa aka dasa masa itatuwa a farkon shekarun 1980, aka sare su a 1998, kuma har yau ana jinyarsa.

Sai an san irin ruwan da ke sauka a wurin kafin a gane abin da ya same shi. Tsakiyar filin na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara. Zariya ma kusan haka take samu. Amma na Zariya cikin wata biyar yake zuba ya ɗauke, hunturu da bazara su biyo baya su busar da ƙasa ƙayau. A can babu rani. Iskar yamma na tasowa daga Tekun Atilantika ɗauke da laima duk shekara, yau yayyafi, gobe hazo, jibi a sake yayyafi. Tekun ne ke hana sanyi tsananta, shi ne kuma ke hana zafi tashi, har watan da ya fi kowanne ɗumi matsakaicinsa ba ya kai digiri 15. Masana sun lura cewa irin wannan dausayi na samuwa ne inda ruwa ya kai milimita 1,000, ya kuma rarrabu a kan kwana 160 ko fiye a shekara. A irin wannan wuri abin da rana ke ƙafarwa ba ya taɓa kamo abin da sama ke zubarwa.

Ruwan da ke ratsa ƙasa kullum yana wanke gishirin da shuka ke ci ya gangara da shi. A wurare da dama ƙarfen da ya wanko yakan taru a ƙarƙashi ya daskare, ya zama siririn faifai mai tauri, ruwa ya rasa hanyar wucewa ya kwanta. Inda ruwa ya kwanta iska ba ta shiga, ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye kuma ba sa aiki sai da iska. Ganyen bana ya faɗi kan na bara, na baɗi ya zo ya same su nan.

Mai mulkin wurin wata gansakuka ce da ake kira sifagnum. In ka cusa hannu ka damƙo ta, za ka ji ta laushi da sanyi, samanta kore ko ja, ƙasanta fari-fari. Ka matse, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunka kamar ka matse soso, domin tana iya riƙe ruwa har ninki 20 na nauyinta a bushe. Tana kuma tsamar da ruwan da ke kewaye da ita har ma'aunin tsami na pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko kusan 4, tsamin da yawancin tsirrai ba sa jurewa. Kanta na girma sama, gindinta na mutuwa ba tare da ya ruɓe ba. Wannan tarin matattun tsirrai shi ne baƙar ƙasar da ake kira ƙasar fit. Tana ƙaruwa kimanin milimita 1 a shekara, kuma a wasu wurare zurfinta ya kai mita 10, aikin da ya fara tun bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe ƙasar. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Nonon shanu ya fi ta yawan abin da ba ruwa ba, amma mutum na tafiya a kanta, tana lotsawa tana dawowa.

Bahaushe in ya ji an ce baƙar ƙasa mai laima, fadama zai tuna, ya fara lissafin albasa da rake. Fadama kogi ke kawo mata laka duk shekara. Wannan kuwa ruwan sama kaɗai take sha, ruwan sama kuma ba ya ɗauke da abinci. Yunwar ta kai ga wani ɗan tsiro na wurin, mai ganye da ɗigo-ɗigon danƙo, sai ya kama ƙwari ya narkar da su yake samun abin da saiwarsa ta rasa.

Akwai wani abu da masu yankan ƙasar fit ke yawan cin karo da shi: kututturan fayin, wani itacen ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura, binne a ciki, saiwoyinsu a baje. An auna shekarunsu, da yawa sun kai kimanin 4,000. A wancan zamani sama ta ɗan sassauta, itace ya bazu a kan filin na 'yan ɗaruruwan shekaru, laima ta dawo, gansakuka ta haɗiye shi.

Kafin 1979

Mutanen yankin sun daɗe suna yanko ƙasar fit su shanya su yi makamashi da ita, suna kai shanu kiwo a watannin ɗumi. Tsakanin 1814 da 1819 masu ƙasa suka kori dubban talakawa daga kwarurukan Sutherland, irin su Strathnaver, aka zuba tumaki a madadinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ba da tallafi aka yi ta haƙa lambatu a kan dausayin don a samu makiyaya, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Ta wani gefen kuma Birtaniya na fama da ƙarancin katako. A farkon ƙarni na 20 daji bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙasarta ba, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna mata haɗarin hakan, shi ya sa aka kafa Hukumar Gandun Daji a 1919. Ƙasa mai kyau an bar wa noma, don haka dashen itace ya yi ta matsawa zuwa inda ƙasa ta fi arha. Da aka samu taraktoci masu faɗin sarƙa da ba sa nutsewa, da garmuna masu shiga zurfi, sai hanya ta buɗe zuwa wannan fili.

1979 zuwa 1987: garma ta shiga

Abin da ya hanzarta aikin dokar haraji ce. Mai babban samu a lokacin yana biyan har kashi 60 cikin 100, amma in ya zuba kuɗi a dashen itace sai a cire kuɗin daga abin da za a yi masa lissafi, a kuma ƙara masa da tallafin dashe. Wani kamfani mai zaman kansa ya yi ta sayen filaye da arha yana yankawa yana sayar wa attajirai, cikinsu har da mawaƙa da 'yan wasa da masu gabatar da shirye-shirye, mafi yawansu mazauna kudancin Birtaniya. Zuwa 1987 an dasa, ko an ba da izinin dasa, kimanin hekta 67,000, wato kusan kashi 17 cikin 100 na dausayin.

Yankin da muke bi yana cikin waɗanda aka yi wa aiki a farkon wannan lokaci. Garma ta bi shi layi-layi, tana tsaga kwari tana kifa ƙasar hagu da dama ta zama kunya. Aka haƙa manyan lambatu da ke karɓar ruwan kwarurukan su kai rafi. Aka kewaye da shingen waya saboda bareyi. A kan kunyoyin aka dasa iri biyu, duka baƙi daga yammacin Arewacin Amurka: itacen Sitka, wanda shi ake so don katako, da wani nau'in fayin mai jure laima, wanda aikinsa shi ne ya shanye ruwa ya share wa ɗan'uwansa hanya. Tazarar dashe kusan mita 2, wato itace wajen 2,500 a hekta. Da yake ƙasar ba ta da abinci, aka zuba takin zamani na fosfet da fotash.

Abin da ya biyo bayan dashe

Ruwan ƙasa ya sauka, kamar yadda aka nufa. Lambatu na jan nasa, itatuwa na shan nasu, rassansu kuma na tare wani kaso na ruwan sama ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa. Da rassan suka haɗe sai inuwa da faɗowar ganye suka kashe gansakukar da ke ƙarƙashi. Ƙasar fit ta fara bushewa daga sama, ta tsuke, ta lotsa, a gonakin da suka daɗe har ta tsattsage. Iska ta shiga inda ba ta shiga ba shekara dubbai, ruɓewar da aka jinkirta ta fara, kabon da ke ajiye, wato sinadarin da tsirrai suka zuƙo daga iska wanda fitarsa ke ƙara ɗumamar duniya, ya soma fita sama. An ƙiyasta cewa filin gaba ɗaya na riƙe da tan miliyan 400 na kabon, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin dukan dazuzzukan Birtaniya.

Su ma itatuwan ba su ji daɗi ba. A ƙasa da 'yar bushewar da aka samar, ruwa na nan kwance, saiwa ba ta iya nutsawa sai ta baje a sama kamar faranti. Gaɓar teku kuwa ba ta rabuwa da iska mai ƙarfi, don haka a gonaki da yawa na yankin itace na yin tsawo sai guguwa ta kwantar da shi layi guda. Itacen Sitka yakan tsaya cak, ganyensa ya yi rawaya, saboda ƙarancin sinadarin naitirojin. Fayin kuma ya gamu da tsutsar wani ƙwaro da tun 1976 ta fara cinye gonakinsa a Sutherland, har sai da aka riƙa feshi da jirgin sama.

Tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa a buɗaɗɗen fili, masu dogayen ƙafafu da dogon baki, suka rasa wurin da aka dasa, suka kuma ƙaurace wa gefensa na ɗaruruwan mitoci, domin daji ya zama maɓoyar yanyawa da hankaki masu cin ƙwai. Wasu daga cikin waɗannan tsuntsaye a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Muritaniya, suke cin lokacin sanyi.

1987 zuwa 1988: taƙaddama da tsayawa

A 1987 hukumar gwamnati mai kula da muhallin halittu ta fitar da rahoto mai zafi kan ɓarnar da ake yi, ta nemi a dakata. Jama'ar yankin da dama da shugabanninsu ba su ji daɗinsa ba. Wuri ne da ya daɗe yana asarar matasa, an yi musu alkawarin aikin yi a dashe da sara da jigila, ga kuma wasu daga nesa suna cewa a bar fili haka nan saboda tsuntsu. Wanda aka kori kakanninsa saboda tumaki yana da dalilin jin zafin wannan magana.

Abin da ya yanke gardamar daga wani waje ya fito. A kasafin kuɗin watan Maris 1988 ministan kuɗi Nigel Lawson ya soke rangwamen harajin. Sabon dashe ya faɗi warwas. Amma soke doka bai toshe lambatu ko ɗaya ba. Itatuwan da aka riga aka dasa suka ci gaba da girma suna shan ruwa.

1995 zuwa 1998: sara na farko

A 1995 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta sayi babban fili a Forsinard, wani wuri a tsakiyar dausayin, daga baya ta riƙa ƙarawa har da gonakin itace da ke maƙwabtaka, yanzu ya haura hekta 21,000. Yankinmu na cikin na farko da aka gwada mayarwa dausayi. Babu wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a wannan girma, don haka da dabara mafi sauƙi aka fara.

A 1998 aka gama sare itatuwan, suna da shekara wajen 15, ƙanana, ba su kai a fitar da su a sayar ba. Aka kwantar da su cikin kwarurukan garma aka bar su su ruɓe a nan. Aka datse manyan lambatu. Kunya da kwari kuwa aka bar su yadda garma ta bar su, da fatan gawar itatuwan za ta rage gudun ruwa.

A 1999 aka sanya kimanin hekta 143,500 na filin cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, jerin da tafkin Nguru ya shiga a shekarar da ta biyo baya.

Shekara 6, shekara 14: abin da aka auna

An kafa wuraren awo na dindindin, ana komawa ana ƙidaya tsirrai. A shekara 6 na farko komai ya nufi inda ake so. Ruwa ya hau, gansakuka ta fara dawowa, ciyawar dausayi mai farin kai kamar auduga ta bazu.

Awon shekara ta 14 ya nuna tafiyar ta rabu biyu. A cikin kwari, da inda ƙasa take shimfiɗe, gansakuka ta ci gaba da kauri, tana hawa kan rassan da suka ruɓe tana rufe su. A kan kunya, da inda ƙasa ta ɗan gangara, farfaɗowar ta tsaya, wasu wuraren ma suka koma baya, tsirran busasshiyar ƙasa suka mamaye. Tsayin kunya bai kai a kira shi tudu ba, amma ya isa ya ɗaga saman ƙasa sama da inda ruwa ke kaiwa, gansakuka kuma ba ta da saiwar da za ta bi ruwa ƙasa. Kwarurukan da ba a toshe ba sun ci gaba da aikin lambatu a kan gangara. Takin da aka zuba tun farko, da wanda ke fita daga ruɓaɓɓun rassa, ya bar wa ƙasar ɗan ƙarfin da ciyawa mai saurin girma ke so. Ga kuma 'ya'yan itatuwa da iska ke kawowa daga gonakin da ba a sare ba, suna tsirowa a kan kunyoyin, sai an bi an tuge.

An kuma kafa na'urar auna kabon da ke shiga da fita. Bayan shekara 16 da sara, yankin na shanye gram 71 na kabon a kowace murabba'in mita a shekara. Wani yanki na kusa da aka sare shekara 10 kafin awon yana fitar da gram 80. Dausayin da garma ba ta taɓa ba yana shanye gram 114.

2014 zuwa 2019: aiki na biyu, da gobara

A 2014 aka fara wani shiri na shekara 5 mai kuɗi sama da fam miliyan 10, aka kuma sauya salo. Daga 2015 aka koma wani sashe na yankinmu da motar haƙa mai faɗin sarƙa, aka riƙa datse kwarurukan garma ɗaya bayan ɗaya da ƙasar fit ɗin kanta. Direba ya nutsa cokalin motar ya ɗebo jiƙaƙƙiyar baƙar ƙasa daga zurfi, ya cusa a bakin kwari ya danna, ya ɗora ciyawa a kai don kada ta bushe, ya matsa gaba ya sake. Bayan ruwa ɗaya ko biyu sai ka ga 'yar kududdufi a bayan kowace datsiya.

A gonakin da aka sare daga baya, inda itatuwa suka riga suka girma, an fi haka nisa. Ana fitar da gungumen, sau da yawa har da rassa, don kada su bar taki. Motar haƙa ta tumɓuke kututture ta kifa shi cikin kwari, ta rushe kunya a kai, sannan ta bi ta kan wurin a gicciye tana dannewa har ya baje. In an gama wurin ya zama baƙin taɓo tsirara mai tayar da hankalin mai kallo, amma ruwa ya dawo daf da saman ƙasa ko'ina, ba a kwari kaɗai ba.

A watan Mayu 2019, bayan 'yan makonni na ƙarancin ruwa, gobara ta tashi a arewacin filin ta ci sama da hekta 5,000 cikin kwana 6. Ƙungiyar kare muhalli ta WWF ta ƙiyasta iskar ɗumama duniya da ta fita ta kai tan 700,000. Binciken da ya biyo baya ya nuna wutar ta fi yin ɓarna inda lambatu ya busar da ƙasa. Inda ruwa ke kusa da sama, ta lashe ciyawa ta wuce.

A 2020 gwamnatin Sikotlan ta yi alkawarin fam miliyan 250 cikin shekara 10 don gyara hekta 250,000 na irin wannan ƙasa. A watan Yuli 2024 hukumar UNESCO ta sanya kimanin hekta 190,000 na filin cikin wuraren gado na duniya, karo na farko da dausayin ƙasar fit ya samu wannan matsayi.

Hukunci

Dashen ya gaza ne saboda an ɗauki rashin itace a wurin a matsayin giɓi da za a cike, alhali yanayin gaɓar ne ya hana itacen zama, kuma kututturan shekara 4,000 na nan suna ba da shaida. An iya sauke ruwan saman ƙasa da garma, amma iskar teku da yayyafin kwana 160 na nan yadda suke. Aka wayi gari itacen bai yi kyau ba, dausayin kuma ya lalace. Ina ganin laifin dokar haraji ya fi na masu garma, domin ta sa riba ta fito tun ranar dashe, ko itacen ya rayu ko bai rayu ba. Ina kuma ganin an zalunci mutanen yankin, waɗanda aka yi wa alkawarin aikin da ƙasarsu ba za ta iya ɗauka ba.

Saran 1998 ya yi rabin aiki. Ya cire mai shan ruwa da mai inuwa, ya isa ya mayar da wurin mai shanye kabon cikin shekara 16, wannan kuwa nasara ce ta gaske. Abin da ya rage shi ne siffar da garma ta bar wa ƙasa. Aiki na biyu ya fi ci saboda ya sa ido kan abu guda, tazarar da ke tsakanin saman ƙasa da ruwa. Da tazarar ta koma 'yan santimitoci, sauran aikin sama da gansakuka ne suka yi.

Labarin na da nauyi a kunnenmu, mu da hamada ke bi, muka taso muna jin cewa dasa itace alheri ne ko'ina. A Daura ko Maraɗi maganar tana kan hanya, domin can gawo da kuka 'yan gida ne, gatari ne ya kore su. A Forsinard itacen ne baƙo, kuma har yanzu ma'aikata da 'yan sa-kai na bin tsofaffin kunyoyi da hannu suna tuge 'ya'yansa. Ko a inda gansakuka ta fi kauri, in aka bi lissafin milimita 1 a shekara, sabuwar ƙasar da ta taru tun 1998 ba ta kai santimita 3 ba.